Filin da Babu Kowa a Gaban Kagarar Elmina

Matafiyin da ya taso daga Akra da asuba ya nufi yamma ta hanyar bakin teku yakan isa Kef Kos da hantsi, bayan tafiyar kimanin kilomita 150. Daga nan saura ɗan taƙi, kilomita goma sha wani abu, ya hango Elmina. Abin da ke fara kama idonsa farin gini ne tafkeke a kan dutse, teku na dukan gindinsa, tsofaffin igogi sun leƙo ta kan katanga. A ƙarƙashinsa, inda tafkin Benya ke haɗuwa da teku, ɗaruruwan kwalekwale ne masu fenti launi-launi da tutoci, ga hayaƙin kifi, ga hayaniyar mata 'yan kasuwa. A hayin tafkin kuwa gari ne mai tsofaffin gidajen bene na dutse.

Yawancin masu yawon buɗe ido sukan ɗauki hoton waɗannan abubuwa uku, su shiga kagarar, su fito da jiki a sanyaye, su hau mota. Kaɗan ne ke lura da abu na huɗu, wato wani dogon fili da ya miƙa daga ƙofar kagarar zuwa yamma, tsakanin teku da tafki. A wannan filin ne ainihin garin Elmina ya zauna kusan shekara ɗari huɗu, har ranar 13 ga Yuni 1873 da aka rushe shi da igwa. Cikin sojojin da suka yi aikin wannan rana akwai waɗanda takardun Turawa suka kira Hausawa. Don a gane yadda aka kai ga haka, sai an koma farkon labarin.

Zinariya aka zo nema

Jiragen Fotugal sun iso wannan gaɓa a 1471, suka tarar mutanen ƙauyukan bakin teku suna da zinariya kuma suna son sayarwa. Wannan zinariya ba baƙuwa ba ce ga kasuwannin duniya. Tun kafin lokacin, fataken Wangarawa suna ɗaukarta daga dazuzzukan Akan, su bi da ita ta Bego zuwa Janne da Tumbutu, daga can raƙuma su haye Sahara da ita. Burin Fotugal shi ne ta karkato da wani kaso na wannan ciniki zuwa teku. Suka sa wa wurin suna Mina, wato mahaƙa, daga nan sunan Elmina ya samo asali. Masu garin kuwa Edina suke ce masa har yau.

A Janairun 1482 Diogo de Azambuja ya sauka da jirage goma sha biyu da mutum kusan 600, cikinsu har da magina da kafintoci, da duwatsun da aka riga aka sassaƙa tun daga gida. Sarki João na Biyu ne ya aiko shi. Kafin a kafa harsashi sai da ya zauna da sarkin garin, wanda marubutan Fotugal suka rubuta sunansa Caramansa, masana kuma ke ganin Kwamena Ansa ne. Labarin da su Turawan kansu suka bari ya nuna sarkin bai yi ɗoki ba: ya fi son baƙin su riƙa zuwa suna komawa kamar yadda suka saba, don zumuncin nesa ya fi daɗewa. Da aka matsa da kyaututtuka da alkawura ya amince, amma aikin bai yi nisa ba rikici ya tashi, saboda magina sun fara fasa wani dutse da mutanen garin ke girmamawa. Haka aka gina São Jorge da Mina, ginin Turawa mafi tsufa da ke tsaye a Afirka kudu da Sahara.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa wa baƙi ba. A ƙarninta na farko, shigo da bayi ake yi ta Elmina. Fataken Akan suna bukatar 'yan dako da ma'aikatan haƙar zinariya, don haka Fotugal takan sayo mutane daga yankin Binin da tsibirin São Tomé, ta sayar da su a nan a karɓi zinariya, tare da tufafin Arewacin Afirka da mundayen tagulla da tasoshi. Ɗakunan ƙasa da ake nuna wa masu ziyara a matsayin kurkuku, an fara gina su ne a matsayin rumbunan kaya.

Baƙo mai biyan haya

Kauri da tsayin katangar sukan sa mai kallo ya zaci masu kagarar su ne masu ƙasar. Ba haka abin yake ba. Ikon gwamnan kagara bai cika wuce inda harsashin igwarsa ke faɗawa ba, kuma galibin kagaran gaɓar a kan filin haya suke, ana biyan sarakunan wurin kuɗin ƙasa. Igogin da suka fi yawa teku suke kallo, domin babban abokin gaba ɗan'uwa Bature ne.

'Yan Holan sun kai wa Elmina hari a 1625, mayaƙan garin suka yi musu mummunar ɓarna. Da suka dawo a Agustan 1637, sai suka zo da mayaƙan Afirka daga garuruwan maƙwabta, suka hau tudun da ke hayin tafki, suka ɗora igogi a kansa, suka yi ta ruwan wuta har 'yan Fotugal suka miƙa wuya. Don kada wani ya yi musu irin abin da suka yi, sai suka gina ƙaramar kagara a kan tudun, wadda ake kira Coenraadsburg ko St. Jago. Ita ce ake hange a sama da gari.

A Kef Kos 'yan Suwidin ne suka fara gini a 1653, wurin ya yi ta sauya hannu har Ingilishi suka ƙwace shi a 1664, suka mai da shi hedikwatarsu. A Osu, cikin Akra ta yau, 'yan Danmak suka kafa Christiansborg. A 1693 wani ɗan kasuwar Akwamu mai suna Asameni ya shiga da mutanensa kamar masu sayen bindigogi, ya kame kagarar, ya riƙe ta kusan shekara guda yana ciniki da jiragen kowace ƙasa. Daga baya aka sayar wa 'yan Danmak da kayansu, amma makullan suna hannun masarautar Akwamu har yanzu. Shi kuwa kuɗin hayar Elmina, bayan Asante, waɗanda Hausawa ke kira Tonawa, sun karya Denkyira a 1701, sai ya koma ana kai shi Kumasi. Wannan haya za ta zama sanadin yaƙi bayan shekara 170.

Dogaron Turawa ga mutanen gaɓa ya fi bayyana a kan ruwa. Gaɓar Gwalkwas ba ta da mashigi mai zurfi da babban jirgi zai raɓa. Ba a sami tashar jiragen ruwa ta zamani ba sai da aka buɗe ta Takoradi a 1928. Jirage sukan tsaya can nesa, kuma raƙuman ruwan bakin gaɓa suna kifar da ƙananan jiragen Turawa. Masu kwalekwalen Elmina da na Fante ne kaɗai suka san yadda ake ratsa su. Kowace ganga ta albarushi da ta sauka, da kowane ɗaure na tufafi, da kowane ɗan Adam da aka fitar cikin mari, a kwalekwalensu ya bi. Gwanintarsu ta sa jiragen da za su Wida da sauran tashoshin gabas sukan tsaya su ɗebi matuƙa da kwalekwale daga nan. Sun san darajarsu, kuma takardun kamfanoni cike suke da ƙorafin sun ƙi fita aiki sai an ƙara musu lada. Masuntan da baƙo ke ɗauka hoto a yau magadan wannan sana'a ne.

Da mutum ya zama haja

Daga ƙarshen ƙarni na 17 gonakin rake na Barazil da tsibiran Karibiyan suka buɗe baki, bindigogi suka yawaita a cikin ƙasa, manyan dauloli irin su Denkyira da Akwamu da Asante suka shiga yaƙe-yaƙen faɗaɗa mulki. Fursunonin yaƙi suka zama abin sayarwa. Kafin ƙarni na 18 ya yi nisa, cinikin mutane ya rinjayi na zinariya. Ƙiyasin masana ya nuna mutum kimanin miliyan 12.5 aka ɗora wa jirage daga Afirka a tsawon cinikin Atlantika, kuma fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu ta Gwalkwas suka fita.

Tsarin gine-ginen ya isa shaida. A Kef Kos kurkukun maza ramuka ne masu rufin baka a ƙarƙashin ƙasa, iska da haske na shiga ta 'yan ƙananan kafofi can sama. Ɗaruruwan mutane sukan yi makonni ko watanni a ciki suna jiran jirgi. Da masu binciken kayan tarihi suka tona daɓen a shekarun 1970, sun tarar abin da ake takawa ba bulo ba ne. Ƙazanta ce da ta taru ta daskare a kansa. A daidai saman wannan kurkuku aka yi ɗakin ibadar Ingilishi. Philip Quaque, ɗan garin, Ba'afirke na farko da cocin Angilika ta naɗa limami a 1765, ya yi shekara hamsin yana aiki a kagarar, kabarinsa na tsakar gidan. A Elmina 'yan Holan sun mai da cocin Katolika ta Fotugal wurin ciniki da cin abincin sojoji, suka gina tasu a bene, kusa da sashen da ake tsare mata, wanda barandar gwamna ke kallonsa daga sama.

Waɗanda suka tsira da rai suka haye sun tafi da sunayen gaɓar. A Jamaika ana kiransu Koromanti, daga garin Kormantse, kuma su suka jagoranci boren Tacky a 1760. A Barazil kalmar Mina ta zama laƙabin dubban mutanen Afirka ta Yamma.

Hanyar Gwanja

A nan labarin ya taɓo arewa. Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Sarki Abdullahi Burja a ƙarni na 15. Ayarin fatake kan tashi daga Kano ko Katsina da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su yi wata biyu zuwa uku a hanya, su komo da goro. A tsakiyar ƙarni na 18 Asante ta rinjayi Gwanja da Dagomba, ta ɗora musu haraji wanda wani sashensa bayi ne. Akan suna kiran bawan da ya fito daga arewa odonko. A Assin Manso, kan tsohuwar hanyar Kumasi zuwa Kef Kos, akwai rafin da ake kira Donko Nsuo, ruwan bayi, inda labarin gargajiya ya ce a nan ake musu wankan ƙarshe kafin a kai su gaɓa.

Yawancin Hausawan da aka fitar ta teku ba ta nan suka bi ba. Ta Ikko da Wida aka ɗauke su, musamman a farkon ƙarni na 19, kuma a Bahiya ta Barazil suka bar suna da boren 1807 da na 1814. Alaƙar Hausawa da Gwalkwas ta fi ƙarfi ta fuskar kasuwa. Danmak ta haramta cinikin bayi daga 1803, Birtaniya a 1807, Holan a 1814. Da ƙofar teku ta fara rufewa, Asante ta ƙara dogara da sayar da goro ga arewa, Salaga ta bunƙasa ta zama babbar kasuwa da ake jin Hausa a ko'ina cikinta. Goro ake saye a can, kuma ana sayar da mutane, waɗanda da yawansu aka kamo daga ƙasashen Gurunsi da maƙwabtansu. Fataken Hausa suna cikin masu saye da sayarwa. Haramcin Turawa bai taɓa wannan kasuwa ba sai a ƙarshen ƙarnin.

Ko a Elmina fitar da mutane bai tsaya cak ba, riga ya sauya. Daga 1831 zuwa 1872 Holan ta ɗebi sojoji kimanin 3,000 daga nan zuwa yaƙe-yaƙenta a tsibiran Indonesiya. A 1837 ta ƙulla yarjejeniya da Sarkin Asante Kwaku Dua na Ɗaya don ya riƙa samar mata da su. Galibinsu bayi ne 'yan arewa da ake fansa da kuɗin da za a riƙa cirewa daga albashinsu, abin da ya sa Birtaniya ta yi zargin cinikin bayi ne aka sake wa suna. A Jawa ana ce musu Belanda Hitam, wato baƙaƙen 'yan Holan. Waɗanda suka dawo sun zauna a wata unguwa ta Elmina da har yau ake kira Tudun Jawa.

Ranar da aka share gari

A tsakiyar ƙarni na 19 Elmina gari ne na mutum dubu goma sha biyar zuwa ashirin bisa ƙiyasi, mai ƙananan lunguna da gidajen dutse masu hawa biyu da uku. Magina da kafintocin da suka koyi aiki a kagara sun haɗa fasalin Turawa da tsarin tsakar gida na Akan. Garin na da sarkinsa, da ƙungiyoyin mayaƙa da ake kira asafo, da attajirai 'ya'yan auren Turawa da matan gari. Ya daɗe yana ƙawance da Asante, maƙwabtansa Fante kuwa suna tare da Ingilishi.

Da kagaran suka daina kawo riba, Holan ta sayar wa Birtaniya da nata duka, aka miƙa Elmina ranar 6 ga Afrilu 1872. Ba a nemi yardar mutanen garin ba. Asante ta ce kuɗin da ake biyanta shekara da shekaru shaida ne cewa wurin nata ne. Holan ta ce kyautar zumunci ce kawai. Sarkin Elmina Kobina Gyan ya ƙi yi wa Ingilishi mubaya'a, aka kama shi a 1873 aka kai shi Saliyo, bai sake ganin gida ba sai 1894.

A wannan shekara ta 1873 rundunar Asante ta gangaro gaɓa. Elmina ta rabu biyu: unguwannin hayin tafki suka bi Ingilishi, tsohon gari na jikin kagara ya tsaya da Asante. Ranar 13 ga Yuni aka ba tsohon gari wa'adin ya miƙa makamai. Da wa'adin ya cika, igogin kagara da na jiragen da suka shiga tafki suka buɗe wuta, gari ya kama da gobara. Mayaƙa suka fice ta yamma, aka gwabza da su da dakarun Asante a bayan gari. Rundunar da Laftanar Kanar Festing ya jagoranta ta ƙunshi sojojin ruwan Birtaniya, da na Karibiyan, da 'yan sandan Hausa.

Waɗannan Hausawa daga Ikko aka kawo su. A 1863 John Glover ya kafa wata ƙaramar runduna a can, yawancin mutanenta bayi ne 'yan arewa da suka gudo daga iyayengijinsu a ƙasar Yarbawa. Ba dukansu ne Hausawa a haihuwa ba. Harshen ne ya haɗa su. Wato mutanen da cinikin bayi ya raba da gidajensu, su aka ba bindiga suka taya rushe garin da ya yi arziki da wannan ciniki, a ƙarƙashin tutar ƙasar da jiragenta suka fi na kowa jigilar bayi a ƙarni na 18. Sun shiga yaƙin da ya kai ga ƙone Kumasi a 1874, aka kafa rundunar Gwalkwas a kan tushensu a 1879, Hausa ta daɗe tana zaman harshen bariki, tsofaffin sojoji kuma suka shiga cikin waɗanda suka raya zangunan garuruwan kudu.

Ingilishi sun hana a sake gina tsohon garin, suka baje kufan ya zama filin fareti. A 1877 suka mai da hedikwata daga Kef Kos zuwa Akra, ciniki ya bi ta. Kagarar Elmina ta zama kurkukun Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896, kafin a wuce da shi Saliyo, sannan tsibiran Seshel, daga baya kuma ta zama makarantar horar da 'yan sanda. Sai daga 1985, da Christopher DeCorse ya fara tono a filin, aka sake ganin harsashin gidajen, da tangaran, da lofe, da duwatsun ado da masu gudu suka bari.

Masu gado da yawa

UNESCO ta sa kagaran gaɓar Gana cikin kayan tarihin duniya a 1979. Da aka shiga gyaransu a shekarun 1990, gardama ta tashi. Baƙaƙen Amurka da na Karibiyan suna kallon wuraren a matsayin maƙabarta, suka yi tir da shafa farar ƙasa da buɗe gidan abinci a cikin kagarar Kef Kos, har aka rufe shi. Mutanen gari da yawa kuwa suna ganin shekara ɗari biyar na tarihinsu ne, wanda bauta babi ɗaya ce a cikinsa, kuma suna son baƙi su kawo ciniki. A 1998 aka dawo da ƙasusuwan bayi biyu, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Jamaika, aka shigo da su ta ƙofar da a da ba a komowa ta cikinta, aka binne su a Assin Manso. Barack Obama ya ziyarci Kef Kos a 2009, gwamnatin Gana kuma ta ayyana 2019 Shekarar Komowa.

A gindin katanga rayuwa na bin nata tsari. Har yau ana sassaƙa kwalekwale daga gungumen itacen wawa, sai dai an ɗaura masa inji. Ba a fita su ranar Talata. A Talatar farko ta Yuli ake bikin Bakatue, a buɗe tafkin Benya bayan makonnin hana kamun kifi. Amma kifin da ake kira sadinela, wanda shi ne abincin talaka daga gaɓa har kasuwannin arewa, ya ja baya ƙwarai. Manyan jiragen kamun kifi sun daɗe suna kwashe ƙananan kifaye, su daskarar da su, su sayar wa kwalekwale a tsakiyar teku, haramtaccen cinikin da ake kira saiko, wanda Elmina ta yi suna a kansa. Tarayyar Turai ta gargaɗi Gana a kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba a 2013, ta sake a 2021, gwamnati kuma ta fara rufe teku ga masu kwalekwale na wani lokaci a 2019. Can gabas a Keta, teku ya riga ya cinye wani babban sashe na kagarar Prinzenstein.

Kagarar tana da hukumar da ke kula da ita, da kuɗin shiga, da masu yi wa baƙi jagora. Filin tsohon gari kuwa motocin 'yan yawon buɗe ido ne ke tsayawa a bakinsa, masunta na shanya taru a gefensa. Bahaushen da ya tsaya a wurin ba baƙo ne ga labarin ba: masu jin harshensa suna cikin waɗanda aka sayar, suna cikin waɗanda suka yi ciniki a Salaga, suna kuma cikin waɗanda suka riƙe bindiga ranar 13 ga Yuni 1873.